Baba ya daina fita tun da ya bar Bukoki: tsufa ne ko unguwa ce?

Wani ɗan'uwa daga nan Yamai ya aiko mini da tambaya a kan mahaifinsa. Dattijon yana da shekara 74, ya yi sama da shekara 40 a Bukoki, kuma har bara da ƙafarsa yake zuwa masallaci sau biyar, ya leƙa kasuwar Katako, ya zauna majalisa bayan la'asar. Wata 8 da suka wuce ɗan ya gama gininsa can bayan unguwar Niamey 2000, ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinsa don ya huta. Yanzu Baba ba ya fita sai ranar Juma'a, ita ma a mota. Ya taɓa faɗuwa sau ɗaya a bakin gwalalo, bai karye ba, amma tun ranar ya lafe a ɗaki, in zai tashi sai ya dafa bango. Ƴan'uwa suna cewa tsufa ne, a ƙyale shi. Shi kuwa mai tambaya yana son ya san ko akwai abin yi, kuma ko fitar ba za ta jawo wata faɗuwar ba.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Aikina gashi da motsa gaɓoɓi ne, abin da a asibiti ake kira kine, kuma yawancin masu zuwa wurina dattawa ne. Labarin Baba na sha jinsa, sunan unguwa kawai ke sauyawa.

Tsufa ba ya yin wannan ɓarnar cikin wata takwas. A hankali yake cin tsoka, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara bayan an haura 50. In mutumin da ke zuwa Katako da ƙafa bara ya koma dafa bango bana, to ɗayan biyu ne: ko wata cuta ta shigo, ko kuwa tafiyar da ke riƙe da ƙarfinsa ce aka raba shi da ita. Don haka fara da likita. A auna tansiyonsa yana kwance, a sake aunawa yana tsaye, domin wasu magungunan hawan jini da na barci suna sa jiri in an miƙe. A duba suga, saboda ciwon suga kan kashe jin tafin ƙafa har mutum ya taka abu bai sani ba. A duba ido ko akwai yana, a duba ƙarancin jini. Ka tattara duk maganin da yake sha, har na gargajiya, ka kai wa likitan a leda guda. In kuwa ka ga ɓari ɗaya ya fi rauni, ko baki ya karkace, ko yana haki da ciwon ƙirji in ya ɗan taka, wannan ba na jira ba ne.

In an duba ba a ga wani sabon abu ba, to mu yi lissafi tare. Ka ɗauka masallacin Bukoki mita 200 ne daga ƙofar gidansa. Zuwa da dawowa mita 400, sau biyar a rana kilomita 2 ke nan, ba a sa kasuwa ba, ba a sa gaisuwar mutuwa da suna da dubiya ba. Da takun dattijo, kilomita 2 sun kusa taku 4,000. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna cewa masu yin taku wajen 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mutuwa a shekarun da aka bi su, kuma amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba ƴan shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Baba yana cika wannan ma'auni shekara da shekaru ba tare da ya taɓa kiransa motsa jiki ba. Shi dai salla ya je, goro ya je saye. Ranar da aka ɗauko shi, an ɗauko kayansa da tabarmarsa, amma kilomita biyun nan an baro su a Bukoki.

Tsoka kuwa ba ta jira. A 2007 an gwada wasu dattawa masu lafiya a Amurka, aka kwantar da su kwana 10 a gado, sai ga shi a matsakaici sun rasa kusan kilo guda-guda na tsokar ƙafa. Kwana goma kacal. Zaman ɗaki bai kai kwanciyar gado tsanani ba, amma hanyarsu ɗaya, kuma wata takwas ba kwana goma ba ne. Abin farin ciki shi ne tsoka tana dawowa ko mutum ya haura 80, in an ba ta aiki.

To me ya hana shi fita a sabuwar unguwa? Kada ka tambaye shi, zai ce maka ba komai, jiki ne. Gobe da safe ka fita da ƙafarka daga ƙofar gida zuwa masallaci mafi kusa, ka yi tafiyar a hankali, kana kallon ƙasa kamar mai neman allura. Na taɓa yin haka da wani dattijo da nake yi wa gashin gwiwa, wanda a ɗakin aikinmu yake zagaye goma ba ya haki amma a gida an ce ba ya fita. Daga ƙofarsa sai gangaren siminti da aka yi don mota, mai santsi, yashi ya lulluɓe shi. Daga nan sai rairayi mai zurfi inda tayoyi suka yi ta tonawa. Kwagirinsa ya nutse kusan tsawon yatsa, ya tsaya ya zare shi. Gaba kaɗan maƙwabci ya jibge tsakuwa da bulo ya tare gefen inuwa, dole muka koma tsakiyar rana. Sai ruwan wanka da ya fito daga wani gida ya yi kwata, faɗinsa bai kai taku ɗaya na saurayi ba, amma shi ya tsaya yana auna shi da ido har na miƙa masa hannu. Duk tsawon hanyar, mita 350 ko sama, babu dakali ko ɗaya, babu itace ko ɗaya, katanga ce mai tsawo da ƙofofin ƙarfe a rufe. Da muka isa ya zauna a bakin masallaci, ya ce da ni, "Ɗana, ka gani ko? Ba ƙafar ba ce kaɗai." Wallahi tun daga ranar na daina sallamar dattijo ban tambayi yadda hanyar gidansa take ba.

Rairayin nan na Yamai kada ka raina shi. An auna an ga tafiya a busasshen yashi tana cin ƙarfi ninki biyu ko fiye da tafiya a ƙasa mai tauri. Mita 300 a rairayi sun fi mita 600 a hanyar pave gajiyarwa, ga idon sawu yana ta karkacewa, ga silifa tana cika da ƙasa. Saurayi ba ya ma lura. Dattijon da ke da ɗan ƙarfin da zai kai shi ya dawo da shi, nan ƙarfin ke ƙarewa.

Amma abin da na fi son ka lura da shi shi ne wurin zama. Tsofaffin unguwanni irin su Bukoki da Zango da Lakurusu ba su fi sababbi tsabta ko faɗin hanya ba, sau da yawa ma sun fi su cunkoso da kwata. Abin da suke da shi shi ne komai na kusa, kuma kowane taku hamsin akwai inda za a sa ɗuwawu: dakalin wani, bencin mai shayi, rumfar tela, gindin dogon yaro da tabarma a shimfiɗe. Dattijo ba ya yin tafiyar mita 400 a tashi ɗaya. Yana yin mita 60 ya tsaya gaisawa, ya yi 80 ya zauna a tambaye shi jiki, ya sha ruwa, ya tashi. Gaisuwar nan da muke gani kamar ɓata lokaci, hutun zuciya ce da na gwiwa, kuma ba wanda zai ce ya gaji, an san gaisawa yake. A sabuwar unguwa in ya gaji a tsakiyar hanya, ina zai zauna? A ƙasa, gaban yaran da ba su san ko shi wane ne ba? Mutumin da ya shekara 40 ana tashi a ba shi wuri ba zai yarda a gan shi haka ba, gara ya yi zamansa a ɗaki. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi tsofaffi a birane 33 na duniya, ta fitar da jagoranta na birni mai dacewa da tsofaffi a 2007, abubuwan da suka yi ta nanatawa su ne irin waɗannan: wurin zama a hanya, daɓe mai kyau ba cikas, lokacin tsallaka titi, da wurin kama ruwa. Wannan na ƙarshen mu ba mu cika faɗarsa ba don kunya, amma dattijo mai matsalar fitsari yana lissafinsa kafin ya fita, kuma shi ya sa masallaci ya fi ko'ina sauƙin zuwa.

Iyayenmu mata abin ya fi yi musu tsanani, ko da yake ba a cika kawo mini tambaya a kansu ba sai sun faɗi. Tsohuwa tafiyarta biki ce da suna da barka da islamiyya da leƙa maƙwabta ta ƙofar da ba a rufewa. In aka kai ta gidan da kowa ya kulle ƙofarsa, aka kuma hana ta ko shara da sunan girmamawa, an gama da ƙafarta.

Sai titi. Yamai ta faɗaɗa ƙwarai, ƙidayar 2012 ta same ta da mutum sama da miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin an yi manyan hanyoyi da gadojin sama, har da babbar hanyar filin jirgi da aka buɗe a 2019. Sun sauƙaƙa wa mai mota, wannan gaskiya ne. Amma auna wa Baba. A ƙasashe da yawa ana tsara lokacin tsallaka titi a kan mutum zai yi mita 1.2 a daƙiƙa, alhali dattijo mai rauni da ƙyar yake yin 0.7. Titi mai faɗin mita 14 zai ɗauke shi daƙiƙa 20. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin sama da mita 300 cikin daƙiƙa 20. Ma'ana sai kwalta ta zama wayam har tsawon mita 300 ta kowane gefe kafin ya tsallaka cikin kwanciyar hankali, ga taksi da ƙananan bas ɗin haya da ake kira faba-faba suna tsayawa inda suka ga dama, ga babura suna fitowa ta bayansu. A wurinsa wannan titin kogi ne. Duk abin da ke tsallakensa, ko masallaci ko kasuwa ko aboki, kamar a Harobanda yake, can tsallaken kogin Kwara.

Game da tsoron faɗuwa, ba zan ce maka babu haɗari ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ƴan shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa a kowace shekara, kuma karayar ƙugu ga tsoho babbar musiba ce. Sai dai zaman ɗaki ba ya kare shi. Wanda ya faɗi sau ɗaya yakan ji tsoro ya rage tafiya, cinya ta saki, tsayuwa ta koma tangal-tangal, sai ya sake faɗuwa, wannan karon a makewayi ko a bakin gado. Da yawa daga cikin waɗanda aka kawo mini da karayar ƙugu a cikin gida suka faɗi. Kuma ka yi haƙuri in faɗa maka wani abu: mu ƴaƴa da kyakkyawar niyya muke ƙarasa ɓarnar. "Baba zauna, yaro zai kawo." An kawo masa buta, an kawo masa goro, an kawo masa rediyo, an ɗauke shi a mota zuwa inda zai iya takawa. Biyayya ce, Allah ya ba da lada, amma kowace aika da aka karɓe masa taku ne aka zare daga ƙafarsa.

Abin yi kuwa, kada ka ce masa ya fita motsa jiki. Dattijon Bahaushe ba ya yawo ba dalili, zai ga kamar an mai da shi yaro. Nemo masa wurin zuwa. Masallaci ne na farko, kuma ba sai na tuna maka hadisin da ya ce kowane taku zuwa masallaci ana ɗaga daraja da shi a kankare zunubi ba, shi ya fi mu sani. Ka je ka gai da liman da dattawan sahun gaba, ka gabatar da Baba da kanka, ka roƙi wani tsaransa ya riƙa biyo masa. Mutum yakan fita don an zo ƙofa ana sallama, ko da ƙafa tana ciwo. Ka fara da salla ɗaya ko biyu a rana, kada ka ɗora masa biyar a tashin farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Sannan ka gyara hanyar da kanka, ba sai ka jira hukuma ba. Zaɓi gefen da ya fi tauri da inuwa ko da ya fi nisa kaɗan. Inda rairayi ya yi zurfi a zuba jar ƙasa a daɓe, faɗin mita ɗaya ya isa. Inda kwata ta ratsa a sa faffaɗan siminti mai kauri wanda ba ya rawa, kada a sa katako. Gangaren ƙofarka a share shi kullum, a kafa ƙarfen dafawa a gefe. Ka nemi izinin maƙwabcin da ke tsakiyar hanya ka gina dakali a jikin katangarsa, ko ka ajiye benci wurin mai tebur. Tsayinsa ya kai gwiwa ko ya ɗan fi, domin kujera mai ƙasa-ƙasa zama da ita sauƙi, tashi ne aiki. Ka gina wani a ƙofar gidanka. Ina tabbatar maka dakali biyu a inuwa ba sa yin mako biyu babu mazauna, kuma daga nan majalisa ke farawa. Ka dasa dogon yaro tun wannan daminar. Itatuwan da suka kewaye Yamai, waɗanda aka fara dasawa a 1965, mutane ne suka dasa su ɗaya bayan ɗaya, ga shi yau filaye suna ta cinye su muna gini ba inuwa.

Lokacin fita yana bin yanayi. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40 kusan kullum, kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, jikinsa na iya bushewa bai nemi ruwa ba. A bazara fitarsa ta zama bayan gari ya waye da kuma la'asar sakaliya zuwa magariba, ya sha ruwa kafin ya fita ko bai ji ƙishi ba, sai fa in likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Da hunturu hantsi ya fi. Da damina, ranar da aka yi ruwa a bar ƙasa ta tsane, domin ruwa na rufe ramuka da bakin gwalalo. Asuba da isha'i kada ya fita sai da tocila mai haske da ɗan rakiya, har sai ƙafa ta dawo. Ɗan rakiyar kuma ya yi tafiya a gefensa, kada ya ja shi ta hannu.

Takalmi ya zama mai riƙe dunduniya, silifa ta tsaya a bakin tabarma. Babbar riga a tattare ta a kafaɗa. In zai riƙe kwagiri, tsayinsa ya zo daidai wuyan hannu in ya tsaya hannu a sake, a sa masa roba mai faɗi a ƙasa, kuma a riƙe shi a hannun da ke kishiyar ƙafar mai ciwo. Mutane da yawa suna riƙewa a gefen ciwon, sai su ƙara karkacewa.

A cikin gida kuma akwai aiki guda da na fi ba dattawa: tashi da zama. Kujera mai ƙarfi a jingine da bango, ya zauna ya tashi sau 5 zuwa 10, safe da yamma, da farko yana dafawa, daga baya hannu a ƙirji. Sai ya dafa bango ya ɗaga dunduniya sau 10, ya kuma tsaya da ƙafa ɗaya gaban ɗaya na ƴan daƙiƙoƙi. Kwana uku a mako shi ne mafi ƙaranci. Kana iya auna ci gabansa da agogon wayarka: ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗarin faɗuwa. Auna yau ka rubuta, ka sake aunawa bayan mako 6. In ba ta ragu ba, ko ta ƙaru, ku zo asibiti a gan shi ido da ido.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, kamar rufe gwalalo, fitilar titi, da tudun rage gudu kusa da masallaci da makaranta. Wannan sai an haɗa kai an bi ta hannun mai unguwa zuwa ofishin magajin gari na da'irarku. In za ku je, ku tafi da dattawan kansu su faɗa da bakinsu, an fi jin nauyinsu.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Wani lokaci duk an yi wannan amma zuciyar dattijo tana can inda ya baro. In gidan Bukoki yana nan kuma akwai mai kula da shi, ba rashin biyayya ba ne ka bar shi ya riƙa kwana biyu ko uku a can kowane mako. In babu hali, ka riƙa kai shi da safe in za ka aiki, ka ɗauko shi bayan magariba. Sai dai kada ka sauke shi a bakin majalisar. Ka tsaya da mota a farkon layi, wurin mai shayin da ya sani, ka bar shi ya ƙarasa da ƙafarsa yana gaisawa.